Ɗan Jirgin Dakota da Ke Kan Kabad Ɗina

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin ɗan jirgin nan da ka hango a kan kabad ɗina ranar da muka yi magana ta bidiyo, har ka tambaya ko yarinta ce ta dawo mini a Jamus.

Jirgin kwaikwayon Douglas DC-3 ne, mai farfela biyu, wanda ya fara tashi a 1935, kuma Turawan Ingila suka laƙaba wa samfurinsa na soja suna Dakota. A nan Berlin ana girmama shi, domin yana cikin jiragen da suka yi jigilar gawayi da abinci zuwa yammacin birnin lokacin da Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin ƙasa a 1948. Akwai ma guda na gaske da aka ɗora a saman ginin gidan tarihin fasaha, ana hango shi daga jirgin ƙasa. Abin da ya ja ni gare shi kuwa shi ne irinsa ya yi aiki a Nigeria Airways, ya sha sauka a Kano.

Ba da roba ake yin waɗannan ƙananan jirage ba. Ana narka tutiya ne da ɗan goran ruwa da jan ƙarfe, a tura ruwan ƙarfen da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, shi ya sa in ka ɗauka za ka ji nauyi da sanyi a tafin hannunka. Nawa na ma'aunin 1:72 ne, wato an raba girman jirgin gida 72 an ɗauki ɗaya, don haka fikafikan da suka kai mita 29 sun dawo kimanin santimita 40. Ana iya ƙirga tagoginsa, har lambar da ke jikin wutsiya tana karantuwa. Kamfanoni irin su Corgi na Ingila da Herpa na Jamus ne suka yi suna a wannan sana'a, ko da yake in ka juya kwalin, yawanci Chana za ka gani a rubuce. Masu saye kuma akasari dattawa ne masu furfura, waɗanda ke ajiye kwalin kamar takardar gida, saboda jirgin da ya rasa kwalinsa darajarsa ta faɗi.

Ciniki a kantunan ƙasar nan ba shi da "nawa za ka rage mini". Kuɗin da aka liƙa shi ne kuɗin, kuma na wannan ya haura cefanena na mako guda. Sai a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi, ranar da kantuna ke rufe, mutum yake samun damar tayawa, nan ma in ka taya rabin kuɗi kamar yadda muka saba a Kurmi, kallon da za a yi maka ya ishe ka.

Inda suka burge ni shi ne wajen mayar da kaya. Na farko da na saya ta intanet ya iso da karyayyar farfela. Doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya mayar da kaya ko da bai faɗi dalili ba, sai na mayar da shi ta gidan waya, kuɗina suka dawo asusuna ba tare da rantsuwa ko neman shaida ba. Ka san a gida da sai an haɗa da maƙwabcin mai shago da Allah da Annabi.

Amma da na biyun ya suɓuce mini ina goge ƙura, ƙafar tayarsa ta hagu ta ɓalle, sai na ga ɗaya fuskar. Na kai shi wani kanti, mai kantin ya juya shi a hankali, ya ce ba su da kayan gyara, kuma ladan mai gyara zai fi kuɗin sabo. Nan na tuna masu zubin tukwane na gida, waɗanda ke danna tsohuwar tukunya cikin damshin yashi su fitar da siffarta, su zuba narkakken goran ruwa, kafin la'asar sabuwa ta fito. Mutumin da ya iya wannan, ƙafar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba ba za ta gagare shi ba.

Na kuma zaga kantuna ina neman Dakota mai fentin Nigeria Airways da tambarin giwa mai fikafikai, har yau ban dace ba. Na Lufthansa da KLM da sojan Amurka ne cike da kanta.

Saboda haka zan taho da shi da babbar Salla in Allah ya kai mu, na naɗe ƙafar daban a cikin auduga. Ka fara yi wa maƙerin unguwarmu magana, amma ka gargaɗe shi kada ya kusantar da jikin jirgin ga wuta, domin wannan ƙarfen yana narkewa tun zafi bai kai digiri 400 ba. A gaida Inna da yara.