Ƴar ƙaramar kyamara mai zuƙo nesa: abin da na gani da Panasonic Lumix TZ95

Tun ranar da na ɗora hotunan dawakin hawan Sallah mutane ke ta tambayata wai da wace waya na ɗauka, to ba waya ba ce jama'a, wata ƴar kyamara ce da ke shiga aljihun kaftani, Panasonic Lumix TZ95, a Amurka ZS80 suke ce mata amma abu ɗaya ne. Ta fito a 2019, ni kuma ta hannu na saya, kuma na yi tafiye-tafiye da ita da dama shi ya sa na ga gara in zauna in faɗi abin da na gani tsakani da Allah, don kada wani ya zuba kuɗinsa yana zaton abin da ba shi ba ne.

Dalilin sayenta guda ɗaya ne tak, zuƙowa. Tana zuƙo abu har ninki 30, a lissafin masu hoto daga milimita 24 zuwa 720 ke nan, kuma da gilashi take zuƙowa, gilashin ne ke fitowa yana miƙewa. Yawancin wayoyinmu idan ka sa yatsu biyu ka buɗe hoto ba zuƙowa suke ba, yanko tsakiyar hoton suke su hura shi, shi ya sa kake ganin fuska ta koma kamar an shafa mata man shanu. Bambancin nan sai ka gani da idonka. A Zariya ranar hawa ina can baya cikin cunkoso, ko kusa da igiya ban samu isa ba, ga ƙura ga turereniya, amma da na zuƙo wani ɗan lifidi sai ga zanen ɗinkin da ke jikin lifidin dokin ya fito raɗau, har gumin da ke wuyan dokin da kumfar da ke bakin linzami ana gani. Wanda ke gefena da wayarsa mai tsada ya leƙo ya ga hoton ya ce don Allah in tura masa. Wallahi ranar na san ban yi asarar kuɗina ba.

Haka a Yankari. Duk wanda ya taɓa zuwa ya san dabba ba ta tsaya maka a kusa, da rani ne ma ake dacewa da su idan sun gangaro wajen kogin Gaji shan ruwa, kuma kana cikin mota ne ba sauka za ka yi ba. Gwanki na ɗauka daga nesa sosai, a ido ɗan ja-ja kawai nake hange tsakanin itatuwa, a hoto kuwa ga ƙahonsa ga farin da ke fuskarsa. Su kuwa birran da ke yawo a sansanin Wikki ba sa buƙatar wata zuƙowa, su ne ma za su zo inda kake, sai dai ka rataya igiyar kyamarar a hannu ka riƙe da kyau don ba su da kunya wajen wafce abu.

Amma abin da na fi so in ja hankalin mai saye a kai, wanda ba kasafai ake maganarsa ba, shi ne ƴar tagar leƙen nan da ke sama ta gefen hagu, wadda kake kafa ido a ciki ka ga abin da za ka ɗauka. Ƙarama ce ƙwarai, da farko ma na raina ta. Sai da na tsaya a rana tsaka wajen ƙarfe ɗaya, irin ranarmu ta watan Maris da Afrilu, na duba sikirin ban ga komai ba sai fuskata, a nan na gane amfaninta. Kuma ba maganar rana kaɗai ba ce, idan ka zuƙo har ƙarshe ɗan motsin hannu kaɗan sai ka ga abin ya fice daga hoto gaba ɗaya, to idan ka manna kyamarar a fuska ka matse gwiwar hannu a jiki sai ta natsu, ga kuma na'urar hana rawa da ke cikinta tana taimakawa. Akwai wani maɓalli ma da idan abin ya ɓace maka ka danna sai ta ja baya ka nemo shi, ka saki ta koma inda take, wajen ɗaukar tsuntsu wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Na tsaya a kan wannan ne saboda sabuwar da ta gaje ta, TZ99 da ta shigo kasuwa a 2025, an sa mata caji irin na USB-C wanda abu ne mai kyau amma an cire tagar leƙen. Ni dai a wurina, a ƙasar da rana ke dukan tsakiyar ka, gara tsohuwar.

Yanzu inda ba ta iya ba, kuma wannan ba nata ba ne ita kaɗai, duk ƴan ajinta haka suke. Sensar da ke karɓar haske a ciki ƴar mitsitsiya ce, wajen milimita 6 a faɗi 4 da rabi a tsaye, dole ce ta sa aka yi ta haka don in ba haka ba gilashin da zai zuƙo ninki 30 ba zai shiga aljihu ba. Sannan ƙofar hasken tana tsukewa in kana zuƙowa, daga f/3.3 ta koma f/6.4, wato yadda lambar ke ƙaruwa haka hasken da ke shiga ke raguwa. Ma'ana da rana sarauniya ce, da magariba ta kawo jiki kuwa hoto sai ya fara yashi-yashi, in mutum na motsi ya fito da inuwa biyu. Wanda ke nufin ya saya don ɗaukar kamu ko dina ko walima a cikin hol da dare, gaskiya kada ya soma, wayar zamani mai kyau ta fi ta a nan nesa ba kusa ba saboda ita waya hotuna da yawa take ɗauka a lokaci guda ta haɗa su. Kada kuma megafiksel 20 da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka, yawan lamba ba shi ne kyan hoto ba. Sannan lokacin hazo, ko wace irin kyamara ce, in ka zuƙo abu mai nisa duk ƙurar da ke tsakaninku za ka kwaso, hoton ya fito fari-fari ba armashi.

Kafin in tsaya a kanta na duba wasu, bari in ɗan taɓa su a gurguje. Canon PowerShot SX740 HS ta 2018 ta fi ta zuƙowa, ninki 40 har milimita 960, kalarta ma tana da daɗi musamman a fatar mutum, sai dai ba ta da tagar leƙe, sikirin ɗinta ba na taɓawa ba ne, kuma ba ta ajiye ɗanyen hoto irin wanda ake kira RAW da ake gyarawa a kwamfuta. Sony HX99 ita ma har milimita 720 take zuƙowa, ta fi ƙanƙanta, tagar leƙenta ɓullowa take daga sama, ƙaramin memori irin na waya take ci. Idan kuma kyan hoto ya fi damunka a kan nisa, akwai masu babbar sensa wadda ta ninka ta waɗannan kusan sau huɗu, kamar Panasonic TZ200 mai ninki 15 da Sony RX100 VII da ke tsayawa a milimita 200. Ita RX100 VII ɗin ba a magana wajen saurin kama abu mai gudu, amma da ta fito kusan dala 1,200 aka sa mata, a canjin yanzu kuwa kowa ya san abin da hakan ke nufi. Da yawon birni kawai nake da hoton iyali da TZ200 zan ɗauka, to ni dawaki da tsuntsaye ne suka dame ni.

Batir ba laifi, kamfanin ya ce yana kai hoto 380 in da sikirin kake aiki, ni dai yana kai ni yini in ban cika bidiyo ba, amma na sayi na biyu na ajiye kuma ina ba kowa shawarar haka. Abin da ya yi min daɗi ana cajinta da fawa bank, a mota ma ina jona ta, sai dai bakin cajin tsohon yayi ne irin na wayoyin da, dole ka riƙa yawo da wayar cajinta daban. Tana bidiyon 4K, akwai kuma wani tsari da take ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa ɗaya ka zaɓi wanda ya fi ka cire, da shi na kamo wani mahayi daidai lokacin da ya ja linzami doki ya ɗaga ƙafafun gaba a wajen jahi. Ba ta da wajen jona makirfo, masu son yin bidiyon hira su san da wannan. Tura hoto zuwa waya kuma ta Wi-Fi ne da manhajarsu, kafin ka isa gida ka riga ka watsa a guruf ɗin dangi.

Sai maganar ƙura, don Allah a kula da wannan. Kafin wannan na taɓa riƙe wata ƴar ƙarama irinta, ina jefa ta aljihu haka nan ba jaka duk tsawon hunturu, ashe duk shiga da fitar da gilashin ke yi iska yake zuƙa da ƙura, wata rana sai ga wani ɗigo baƙi-baƙi a sararin sama a kowane hoto, a waje ɗaya, kuma irin waɗannan ba a cire musu gilashi balle ka goge, sai an kwance ta gaba ɗaya. Abin ya ƙona min rai sosai don hotunan wata tafiya da ba zan sake yin irinta ba duk da ɗigon suka fito. Yanzu ƴar jaka mai zif na saya, in na gama ɗauka in kashe in mayar, in iska ta taso da ƙura ba na ma kunnawa. Ruwan sama ma ba ta jure shi.

Wanda zai sayi ta hannu, kada ya biya sai ya yi wannan gwajin a gaban mai shago: ka zuƙo har ƙarshe ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton ka duba lungu-lungu ko akwai ɗigo. Ka kunna ka kashe kamar sau biyar kana sauraron gilashin, in kana jin ƙarar gurzawa kamar yashi a ciki ka ajiye masa kayarsa. Ka duba ƴan marufan gaban gilashin suna buɗewa duka suna rufewa duka, ka leƙa tagar leƙen, ka ciro batirin ka ga bai kumbura ba. Kuma ka je da memorinka, don wasu sai su ce babu memorin gwaji.

Ƙanena da zai tafi Umara ya ce in ba shi shawara, na tambaye shi me zai fi ɗauka, ya ce shi da Hajiya ne kawai da wuraren ziyara, na ce ya riƙe kuɗinsa wayarsa ta ishe shi. Ni kuma in Allah ya kai mu sanyi Dagona nake son zuwa, can wajen fadamar Haɗeja da Nguru, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka, na riga na sayi ƴar ƙafar ɗora kyamara saboda a milimita 720 tun da asuba hannu kaɗai ba zai iya ba.