Outer Wilds: rairayin Ember Twin ya hana ni barci

Tun fitowar wasan bidiyon Outer Wilds a 2019 nake jin ana yabonsa, har ya lashe kyautar BAFTA ta Birtaniya ta gwarzon wasa a 2020, amma ban waiwaye shi ba sai kwanan nan, don ni na fi son gem ɗin da ake harbi a tara makamai. Wannan kuwa ko bindiga ɗaya babu. Ɗan kumbo ne, da rigar 'yan sama jannati, da na'urar da ke fassara rubutun wasu halittu masu ido uku da ake kira Nomai, waɗanda suka ƙare tun shekaru dubbai. Duk minti 22 rana ta fashe, kowa ya hallaka, ka farka a inda ka fara. Abin da ka gano ne kaɗai ke biyo ka.

Wanda bai buga ba ya sani, zan ɗan tona asiri a gaba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi duniya ɗaya ce, Ember Twin. Tagwaye ne ita da Ash Twin, suna kewaya juna dab da rana. A farkon kowane zagayen minti 22 ɗin nan Ash Twin a binne take da rairayi, ita kuma Ember Twin jajayen duwatsu ce da kwazazzabai da koguna. Sai rairayin ya riƙa kwarara ta sararin samaniya daga wannan zuwa waccan. Hasumiyoyin Nomai suna ta fitowa a kan Ash Twin, kogunan Ember Twin kuma suna ta cikewa daga ƙasa. Wurin da ka bi a minti na uku, a minti na goma babu shi.

Na sauka kusa da wani ƙaramin jirgin tsira na Nomai da ya faɗo, na bi wani rami mai duhu. A bangon kogon akwai saƙonnin da waɗanda suka tsira suka bar wa na bayansu: a bi nan, kada a bi can, a kula da rairayi. Ina bin sawunsu da tocila har na ɓulla cikin wani makeken kogo, na kunna fitilu, sai ga birni guda a ƙarƙashin ƙasa, wanda suka gina don gudun zafin rana. Gidaje hawa-hawa, matakalai, itatuwa, ga ƙasusuwan masu gidajen nan a inda ajali ya same su. Wallahi jikina ya yi sanyi. Rubutunsu a nannaɗe yake a bango, maganar wani na tsirowa daga maganar wani, suna gardama, suna zolayar juna. Sai na ci karo da wani rubutu mai karkace-karkace, ashe na yara ne, suna shirya haɗuwa a kogon wani ƙaton kifi da ya zama dutse don su yi wasa. Ina cikin karatu rairayi ya toshe ƙofa, ya ɗaga ni a hankali har ya haɗa ni da rufin ɗakin, gilashin hulata ya tsattsage. Ban taɓa jin tsoron ƙasa a cikin gem ba sai ranar.

Da na koma na isa kogon kifin, na tarar da dokar wasan yaran: wanda zai zama kifi sai an ɗaure masa ido, domin kifin na gaske makaho ne. Na ɗauka ado ne kawai na labari. Can daga baya, a wata duniya mai hazo da ake kira Dark Bramble, na haɗu da irin kifin nan a raye, masu haɗiye kumbo ɗungurungum. Na tuna maganar yaran, na kashe inji, na sulale ta gabansu shiru, ba su motsa ba. Wasan yaran da suka mutu tun tale-tale shi ya tsirar da ni. Babu kibiyar da ta nuna mini, babu wanda ya ce je ka karanta. A nan na ce kuɗina sun halatta.

Amma fa kada in yi ta yabo in manta haushin da na sha, don ina tunawa raina na sake ɓaci. Jiran nan na Ash Twin azaba ne. Akwai hasumiyar da cikinta duk tsiro ne mai ƙaya, sai rairayi ya sauka daidai gwargwado za ka iya ratsawa. Ka makara kaɗan ƙaya ta huda rigarka, iska ta tsiyaye, ka sake sabon zagaye, ka sake tashi da kumbo, ka sake tsayuwa kana kallon ƙasa na raguwa. Ana iya gyangyaɗi a bakin wuta don lokaci ya yi sauri, amma wannan bai rage takaicin maimaita hanya ɗaya ba. Ga kuma na'urar da ke tuƙa kumbo da kanta, wadda miƙewa kawai ta sani: in rana ta shiga tsakaninka da tagwayen, cikinta za ta zuba ka. Akwai daren da na kashe gem ɗin da niyyar goge shi gaba ɗaya. Mai aiki da iyali, wanda awa guda ce rabonsa da dare, zai iya ƙarar da ita bai ƙaru da komai ba, kuma wannan ba adalci ba ne.

Duk da haka washegari na dawo, don akwai ɗakin binciken Nomai da ban kai gare shi ba kafin rairayi ya rufe hanya. Wanda ba ya son karatu kada ya saya, domin kusan duk labarin a bango yake. Wanda zai saya ya yi amfani da hannun gem maimakon allon rubutun kwamfuta, ya kuma kunna saitin da ke tsayar da lokaci yayin fassara. Ƙarin da suka fitar a 2021, Echoes of the Eye, zan saye shi, amma sai haushin hasumiyar ƙayar nan ya sake ni.