Hoton bariyam ya nuna inda haɗiya take tsaya mini, amma yana da iyaka

Likita ya tura ni hoton bariyam ne, wato hoton eksire da ake ɗauka yayin da mutum yake shan wani ruwa mai suna bariyam, saboda ƙwannafi da ya daɗe yana damuna, ga kuma abinci da yake tsaya mini a ƙirji kafin ya wuce. An umurce ni da in daina ci da sha tun tsakar dare, domin galibi ana buƙatar awa 6 zuwa 8 ba a sa komai a baki ba, kada ragowar abinci ya ɓata hoton.

Abin da ake sha farin ruwa ne mai kauri, mai ɗanɗanon alli. Ba ya da daɗi, amma ba ya da ɗaci. Amfaninsa shi ne hasken eksire ba ya ratsa bariyam, kuma hanji ba ya tsotse shi ya shiga jini, don haka sai ya shafe bangon hanyar abinci da tumbi da farkon hanji, siffarsu ta fito sarai. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne garin da aka ba ni da farko, wanda yake cika ciki da iska don ya buɗe, aka kuma hana ni yin gyatsa. Daga nan aka riƙa karkata gadon, ana sa ni in juya dama da hagu, in riƙe numfashi, in haɗiye idan an ce in haɗiye. Babu allura, babu maganin barci, kuma ba a kai rabin awa ba aka sallame ni.

Inda gwajin ya burge ni shi ne hoton mai motsi ne, likita yana kallon ruwan yana gangarawa a daidai lokacin da ake haɗiyarsa. Ta haka aka ga cewa saman tumbina ya turo sama ta tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma ruwan yana komowa baya idan na kwanta. Hakan ya bayyana dalilin ƙwannafin da nake fama da shi da dare.

Sai dai hoto ne kawai. Ba a iya gutsuro nama da shi don a bincika ko akwai sankara, ba ya gano ƙwayar cutar da take haddasa gyambon ciki, kuma ƙaramin rauni yana iya ɓoye masa. Wanda yake ramewa ko yake amai da jini, bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki ya fi dacewa da shi. Mai juna biyu kuwa dole ta sanar da ma'aikata tun da wuri saboda hasken, haka nan ba a ba da bariyam idan ana zargin hanji ya huje.

Bayan gwajin bayan gida yakan yi fari na kwana biyu ko uku, yana kuma yin tauri idan ba a sha ruwa da yawa ba. Ga mai matsalar haɗiya irin tawa, ina ganin gwaji ne da ya cancanci a yi, muddin an tambayi likita tun farko ko za a buƙaci kyamarar daga baya.