Hitar ruwa ta sola mai bututun gilashi, yadda na same ta

Masu tambayata kan hitar sola da muka ɗora a saman gidanmu nan Jos, ga abin da na gani. Tamu mai bututun gilashi ce, lita 200, bututu 20 a jere ƙarƙashin tankinta. Ba ruwanta da batir ko inbata fa, rana ce kawai ke dafa ruwan cikin bututun, mai zafin ya hau tanki da kansa mai sanyin ya sauko, haka yake ta zagayawa har yamma.

Inda ta fi burge ni da asuba ne wallahi. Tankin yana riƙe zafi sosai, ruwan da ya dahu jiya da rana za ka same shi da zafinsa lokacin alwala, kuma duk wanda ya san sanyin Jos a Disamba ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mama ta huta da tashi hura gawayi cikin duhu, yara na wankan makaranta ba kuka, gas ɗinmu ma yanzu yana daɗewa.

Amma akwai abubuwan da ba lallai mai shago ya gaya maka ba. Dole tankin ruwan gidanka ya fi ta tsawo in ba haka ba ruwa ba zai shiga ba, kuma a fuskantar da ita kudu, kar a bar inuwar bishiya ta faɗa mata. Lokacin hazo ƙura na kwanciya a kan gilashin sai zafi ya ragu, ni da tsumma nake hawa in goge da sassafe kafin ya ɗau zafi. A Agusta in hadari ya rufe rana sai dai ɗumi-ɗumi, nan kam sai an kunna hitar lantarkin da ke cikinta.

In ruwa ya ƙare a ciki kuma ta sha rana, don Allah kar a cika ta da ruwan sanyi da azahar, bututun zai iya fashewa, guda ɗaya in ya fashe duk ruwan tankin tsiyayewa zai yi. Ku karɓi bututu biyu na ajiya tun wajen saye, balle mu nan da ƙanƙara ke sauka. Sannan ruwanta da rana yana iya ƙona yaro, a sa famfo mai haɗa zafi da sanyi.

Kuɗinta da nauyi a farko gaskiya. Mai iyali da ke gidan kansa ina ba shi shawara ya saka, amma ɗan haya ya haƙura tukuna, cire ta a sake ɗorawa wani gida aiki ne babba.