Ƙamusun Oxford na masu koyo: kalma ɗaya ce ta sa na saye shi

Sana'ata markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wadda ake shafa wa burodi ko a zuba a miyar taushe. Iri biyu nake yi, mai tsaki-tsaki da wadda aka markaɗa ta yi lukui. Da na fara kaiwa kantuna sai na sa aka buga min sitika da Turanci, mai bugawar ya rubuta "soft" a jikin ta biyun. Wata mai kanti ta kira ni ta ce, "Hajiya, gyaɗa ai ba filo ba ce, smooth ake cewa." Sitika 500 suka tafi a banza.

Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na shiga Sabon Gari na sayo Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 10 da ya fito a 2020. Wani malami, A. S. Hornby, ya faro shi bayan ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fara buga shi a 1948. Don irinmu da ba a haife mu cikin Turanci ba aka yi shi, kuma hakan ya nuna, domin da ƙananan kalmomi yake bayani.

Na buɗe smooth, sai na tarar kalma ɗaya ta haɗiye kalmominmu da dama. Ma'ana ta farko abin da ya yi sumul, ba kaushi ba gargada, kamar fatar jariri ko daɓen da ya sha guga. Ta biyu ita ce tawa: kwaɓin da babu gudaji a cikinsa. Koko idan an tace shi da kyau an dama, wannan kenan. Sai al'amarin da ya tafi ba tangarɗa, sai tafiyar mota ko saukar jirgi ba jijjiga, sai abin sha da ba ya ɗaci ko kartar maƙogwaro, har da murya mai daɗin saurare. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta mutum. Idan Bature ya kira namiji smooth, sau da yawa ba yabo ba ne, ɗan daɗin baki yake nufi, wanda ladabinsa bai kai zuci ba. Ƙamusun ya saka alamar gargaɗi a wurin, kuma da ba don ita ba da wata rana na yabi surukina da zagi.

Na kuma gane santsi daban ne, nasa slippery, laushi kuma shi ne soft ɗin da ya ja min asara. Tayil zai iya yin sumul a bushe, sai ya jiƙe yake santsi.

Inda ya gaza: rubutun ƙanana ne ƙwarai, da dare sai na sa tabarau na haska fitilar waya. Yana da nauyi, takardar kuma sirara ce, hannu mai maiƙon gyaɗa yana taɓa ta take shanyewa. Babu Hausa ko ɗigo, duk fassarar nan ni da 'yata muka zauna muka yi. Alamomin furucin ma ban iya karanta su ba, sai da ta kunna min a waya na ji yadda ake sa harshe tsakanin haƙora a ƙarshen kalmar.

Kuɗina bai tafi a banza ba. Sabuwar sitikar ta fito makon jiya, na duba kowane harafi da littafin a cinyata kafin na biya.