Shagon da ya tayar da kwamfutata bayan kunna Secure Boot

Bayan Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, na kunna Secure Boot, wato tsarin tsaron da ke tantance manhajojin da ke tayar da kwamfuta, domin in koma Windows 11, sai kwamfutar ta ƙi tashi. Na kai ta wani shagon gyara a Kano, inda mai gyaran ya gano cewa faifan ajiyarta yana kan tsohon tsarin rarraba faifai mai suna MBR, alhali Secure Boot yana buƙatar UEFI (sabuwar manhajar tayar da kwamfuta) da GPT (sabon tsarin rarraba faifai). Ya mayar da saitin yadda yake, ya sauya tsarin faifan zuwa GPT da manhajar MBR2GPT ba tare da goge ko fayil ɗaya ba, sannan ya sake kunna Secure Boot. Aikinsa ya gamsar da ni, sai dai jiran layi ya cinye mini yini guda.