Kamfanin da ya sauya mana sabar makaranta, da ranar da Ɗanladi ya koma ÆŠanladi

Mutum uku ke nan suna tambayata ko su kai aikinsu wurin yaran nan da suka sauya mana saba, wato kwamfutar da shafin makarantarmu na intanet ke zaune a kai, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Duk mai harkar kwamfuta a Gombe ya san su, ya kuma san abin da suke caja, don ba su da arha kuma ba sa ɓoyewa.

Ni ne ke kula da ɗakin kwamfuta a wata makarantar kuɗi a gefen Tumfure. Muna da fotal inda iyaye ke duba sakamakon jarrabawa su kuma fitar da rasit na kuɗin makaranta. Wani bawan Allah ne ya rubuta mana ita da Java, wani yaren rubuta manhaja, shekaru da dama da suka wuce, ya ɗora ta a kan Tomcat 8.5, manhajar da ke tafiyar da ita a kan saba, daga baya ya samu aiki ya bar gari. Tun da ya tafi ba wanda ya taɓa ta, tana aiki muna lallaɓawa. Sai ga shi gidauniyar Apache, masu Tomcat ɗin, sun daina kula da Tomcat 8.5 tun 31 ga Maris 2024, wato ko an gano wata kafa da ɓarayin intanet za su bi, babu mai toshewa. MySQL 5.7, rumbun da bayananmu ke ciki, shi ma wa'adinsa ya ƙare tun Oktoban 2023. Sunayen yaran mutane ne a ciki, da lambobin wayar iyayensu. Na yi wata biyu ina bin Hajiya mai makaranta kafin ta yarda ta fitar da kuɗin sauya su.

Zaman farko da muka yi da ogan kamfanin ya burge ni, wannan ba zan ɓoye ba. Na ce masa a mayar da mu Tomcat 9 kawai, tunda na ji shi ne mafi kusa da namu. Ya ce a'a, Malam, a yi mai gaba ɗaya, a tafi 10.1 a ɗaga Java daga 8 zuwa 17, kada baɗi ka sake kiranmu. Maganar ta shige ni. Na roƙe shi abu ɗaya tak: kada a taɓa komai sai bayan an raba sakamakon zangon farko. Ya ce an gama.

Ba a gama ba. Daren Alhamis suka yi sauyin, mu kuma Asabar muka sanar wa iyaye za a buɗe sakamako. Wai sun samu sarari ne saboda wani aikinsu na Bauchi ya ɗaga. Ni ban sani ba sai da safiyar Juma'a na buɗe fotal na ga farin shafi da 404, lambar da ke nufin ba a samu shafin ba. Na sake gwadawa a waya, haka. Na kira ogan sau bakwai bai ɗauka ba, sai saƙo ya turo cewa yana hanya.

Wanda ya zo wani siririn yaro ne a kan babur, hular sanyi har kunne saboda hunturu, da alama bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Da na gan shi raina ya ƙara ɓaci, na ce wato ni za a turo wa ɗan koyo. Ya gaishe ni ya ce, «Baffa, ka ba ni kujera da soket kawai.» Ya buɗe bayanan da saba ke rubutawa idan ta ci karo da matsala, ya juyo min da allon. Layi ɗaya ne ke ta maimaituwa, wai ba a samu javax.servlet ba.

A nan na koyi abin da ya kamata ogansu ya gaya min tun ranar farko. Oracle, kamfanin da ya mallaki Java, ta miƙa Java EE, ɓangaren da irin fotal ɗinmu ke dogaro da shi, ga gidauniyar Eclipse a 2017, amma ba ta saki sunan Java ba. Saboda haka aka sauya masa suna zuwa Jakarta EE, kuma daga Jakarta EE 9 duk abin da ake kira javax a wannan ɓangaren ya koma jakarta. Tomcat 9 yana jin tsohon suna, Tomcat 10 ba ya ji. Manhajarmu tana ta kiran mutum da sunan da ya riga ya canza, shi kuma ya yi kunnen uwar shegu. Da 9 ɗin da na ce aka bi, wannan matsalar ba za ta taso ba sam. Su kuwa sun ɗauki fayil ɗin yadda yake suka jefa a sabuwar saba, suka ga ta tashi, suka tafi barci ba tare da wani ya buɗe shafi ko ɗaya ya gani ba.

Yaron ya buɗe wata jaka mai suna webapps-javaee ya sa fayil ɗin a ciki. Ya ce Tomcat 10 da kansa yake juya tsofaffin sunayen zuwa sababbi idan aka ajiye a nan, da wata manhajar juyi da Apache suka tanada. Shafin shiga ya dawo, na sakamako ya ƙi, sai da ya sauya wani abu da ya kira JSTL ya sa wanda ya dace da jakarta. Muka tafi masallaci muka dawo, kafin la'asar komai ya buɗe. Wallahi a lokacin na yafe masu. Har tsire na aika aka sayo masa. Da a daren nan na rubuta wannan sharhin, da tauraro huɗu zan ba su, in ce kuskure ne irin na ɗan Adam.

Asabar da hantsi ina ofis ina shan shayi sai ga wani dattijo ya shigo da takarda a hannu, ya biya an buga masa a shagon kwamfuta na bakin titi. Bai zauna ba. Ya ajiye ta a kan teburina ya sa yatsa a saman, ya ce, «Malam, karanta min sunan nan.» Na duba. Inda ya kamata a ga Ɗanladi, an rubuta ÆŠanladi. Ya ce, «Rago na yanka na raɗa wa yaron nan suna. Ku da me kuka yanka kuka canza masa?» Malaman da ke wurin suka ƙunshe dariya, ni kuwa gumi ya karyo min duk da sanyin nan.

Kafin azahar ƙofar ofis ta cika. Duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ya lalace. Ƙasimu ya koma wani abu mai kama da lambar mota. Ba sunaye kaɗai ba, har bayanin malamin aji, inda aka rubuta «yana da ƙoƙari» ya fito da Æ™ sau biyu a cikin kalma ɗaya, wata uwa ta ɗauka wani maki ne aka rage wa 'yarta. Wanda kuma ya nemi ɗansa da suna a akwatin bincike, fotal ta ce babu wannan ɗalibin. Ka yi tunanin uban da ya biya kuɗin zango cif a ce masa babu ɗansa a makaranta. Hajiya ta kira ni ofishinta, abin da ta faɗa min ba na nan ba ne. Abin da ya fi ci min rai shi ne ni na dage aka yi aikin, don haka a idonta gyaran gangar auzinawa na jawo mata da kuɗinta.

Ogan dai har yanzu yana hanya. Yaron nan ne ya sake dawowa, ranar da ba ta aikinsa ba. Ya daɗe yana kallon rumbun bayanan kafin ya ce, «Baffa, wannan ciwon ya girmi aikinmu.» Ashe tsohon tsarin yana ajiye rubutu ne da wani tsarin haruffa mai suna latin1, wanda bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Kowane ɗaya sai ya raba shi gida biyu ya ajiye a karkace, in an zo karantawa ya sake haɗa shi a karkace, sai ya fito daidai. Kuskure biyu ne suka shekara suna rufa wa juna asiri. Da aka kwashe bayanan zuwa MySQL 8, mai amfani da utf8mb4, tsarin da ya san haruffanmu, sai sabon ya karanta abin da ke rubuce tsakani da Allah, asiri ya tonu.

Na yarda ba su suka haifi ciwon ba. Amma aikin da na biya ke nan, a duba kafin a kwashe. Makaranta ce a Gombe, rabin rajista Ɗahiru ne da Ɗanjuma da Ƙasimu. Buɗe aji ɗaya kawai ya isa mutum ya gani. Ko tsohuwar sabar ba su bari a kunne ba balle mu koma kanta mu raba sakamako lafiya, sun kashe ta tun daren Alhamis don kada kuɗin haya ya hau kansu. Allah ya taimaka yaron ya ajiye kwafin tsohon rumbun a na'urarsa, shi ma ya ce ba a sa shi ba, tsoro ne ya sa. Daga wannan kwafin ya sake fitar da bayanan ta hanyar da ta dace, muka zauna ni da shi da rajistar takarda muna bi aji-aji har bayan isha, janareta na ta shan mai. Man ma daga aljihuna ya fita.

Fotal ɗin yanzu ta fi da sauri, ban musa ba, kuma tun daga lokacin ba ta faɗi ba. Sai dai bayan mako biyu mai kula da kuɗi ta lura duk rasit yana fitowa da awa ɗaya baya, wanda ya biya ƙarfe tara sai a ga takwas, saboda sun bar agogon sabar a kan UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, ba su mayar da shi lokacin Najeriya ba. Gyaran minti biyar ne. Da na kira, ogan, wanda a ƙarshe ya iso daga hanyar tasa, ya ce wannan sabon aiki ne, sai an sake biya. Na tuna masa maganar da ya yi cewa ba zan sake kiransu baɗi ba, ga shi ko wata ba a rufa ba. Ya yi dariya ya ce in yi haƙuri. Yaron ne ya gaya min abin da zan rubuta ta waya na gyara da kaina.

Tauraro biyu na ba su, kuma duka biyun na mai babur ne. In dole sai su za ku kai wa, ku sa a rubuce cewa za a gwada a wata saba daban tukuna, a bar tsohuwar a kunne mako guda, kuma ku da kanku ku nemo sunan wani Ɗanladi ku gani da idonku kafin ku biya cikon kuɗi. Dattijon nan har yau in muka haɗu a bakin ƙofa ba ya kirana da sunana, sai dai ya ce ina mai raɗin suna.